Sai Abba Ya Saurara

Shafi na 11

To, ƴaƴana da jikokina, ga ni. Masu cewa na manta da ku, da masu cewa wayata ta faɗa ruwa, duk na ga saƙonku. Gwiwa ce kawai ta zaunar da ni kwana biyu. Ku matso kusa.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke: gidan Kafinta da matarsa Nas, da ƴaƴansu mata biyu. Babbar ita ce Barkono, shekararta sha uku, bakinta ne ya jawo mata sunan. Ƙaramar kuma Auta, shekara shida. Mun tsaya a inda malamar su Auta ta kira Nas a wurin aiki, ta ce yarinyar ta miƙe a gaban aji ta rera wata waƙa, har alli ya faɗi daga hannun malamar.

Nas ko farar rigar aiki ba ta tsaya cirewa ba. Ƙarfe uku da rabi ta turo ƙofar falo da ƙafa, jaka a kafaɗa, takardar malama a dunƙule a hannu.

Goggo, yayar Kafinta, tana kan doguwar kujera, ta ɗora ƙafa a kan matashi tana yanke farce.

"Sannu da dawowa. Wannan fuska fa? Wani ne ya mutu a hannunki?"

"Ina Barkono?"

"Tana ɗaki, kunnuwa a toshe kamar kullum. Ina kika baro Auta?"

"Gidan maƙwabciya. Abin da za a faɗa a nan ba na kunnenta ba ne." Ta ja tsaki. "Ko da yake daga bakinta ma aka samo shi."

Ta juya wajen ƙofar ɗaki.

"Barkono!"

Shiru.

"Barkono! In na yi kira na uku, da takalmi zan shigo!"

Sai ga ta ta fito, iyafis ɗaya a kunne, ɗaya yana lilo a ƙirji, waya a aljihun siket.

"Lah, Mama, kin dawo? Ban ji shigowarki ba."

"Ina za ki ji? Miƙo wayar."

"Me na yi?"

"Miƙo, na ce."

Ta miƙa, amma irin miƙawar nan da yatsu ba sa son saki. Nas ta fizge.

"Yau a ajin su Auta an ce kowane yaro ya fito ya yi waƙar da yake so. Wani ya yi ta tsuntsu, wata ta yi ta ruwan sama. Tawa ƴar kuma ta fito ta riƙe rula kamar jita, ta buɗe baki. Malama layi biyu kawai ta rubuto mini, ta ce hannunta ba zai iya na uku ba."

Goggo ta gyara zama. "Me waƙar ta ce?"

"Goggo, bar shi kawai."

"A'a, ba za a bar shi ba. Ni ma ƴata ce. Fassara mini."

Nas ta sunkuya ta raɗa mata a kunne. Abin yanke farce ya faɗi ƙasa.

"Ki ce wallahi!"

"Layin farko ke nan."

"Da bakin Auta? Autar da haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba?"

"Har da karkaɗa kai."

"Innalillahi! To na biyun fa?"

"Goggo!"

"To, to. Na yi shiru."

Barkono ta turo baki. "Ni fa ban koya mata ba. Ɗakinmu ɗaya. Ina ninke kaya ina bin waƙar a hankali, ita kuma Auta kunnenta kamar gam, duk abin da ya taɓa shi ya manne."

"Au, laifin kunnen Auta ne."

"Ban ce ba."

"To buɗe naki ki ji. Wannan kiɗan rok ɗin, da ihunsa, da jitarsa mai ƙara kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti, daga yau an rufe shi a gidan nan. Sai kin cika shekara sha takwas."

"Sha takwas! Mama, saura shekara huɗu da wata huɗu fa!"

"Ashe lissafi yana shiga kanki in an zo nan."

"Kin ma yi mata sauƙi," in ji Goggo. "Da ni ce, sai na ga furfura a kanta."

Barkono ta riƙe ƙugu. Kun dai san ta.

"Mama, in tambaye ki. Ranar da kwalba ta yanke Goggo a ƙafa, wa ya riƙe miki kwano kina wanke jinin? Kika ce Barkono ta girma. In kina aikin kwana, wa ke yi wa Auta wanka, ya shirya ta, ya kai ta har ƙofar aji? Barkono ta girma. In gas ya ƙare, Barkono ta girma, je ki kira mai kawowa. Amma da an zo kan waƙa sai in koma jaririya."

"Girman hannu daban, girman kunne daban."

"A wane littafi aka rubuta?"

"A nawa. Ni na haife ki."

"Duk ƴan ajinmu suna ji."

"Ƴan ajinku ba ni ake kira a waya in ƙannensu sun yi batsa a gaban malama ba."

"Kuma ni ba maganar nake saurara ba. Gangar nake so."

"Gangar ce ta fito daga bakin Auta?"

"To me zai faru ranar da na cika sha takwas ɗin? Ina farkawa da safe sai in ga an sake mini kunne?"

Tsakani da Allah tambayar ta shigi Nas. Ita ma ba ta san inda ta samo sha takwas ɗin ba, sai dai kullum tana ganinsa a takardun asibiti. Amma ku da kuke da ƴaƴa kun sani, uwa ba ta bari a ga an kayar da ita a tsaye.

"Ranar ba ni za a kira ba. Bambancin ke nan."

Sai Barkono ta fito da abin da ta ajiye na ƙarshe.

"Ni dai ban karya doka ba. Abba ya saurara, ya ɗaga yatsa. Tana jikin allo, ita ce ta hamsin da takwas."

Bari in tuna muku dokar nan, don na san wasunku sun manta. Bara, ranar da aka saya wa Barkono waya, an yi zama a falon nan. Nas ta ce babu waƙoƙin ihu. Kafinta ya ce a bar yarinya ta ji abin da take so. Aka yi ta ja har shayi ya huce. Daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya: duk sabuwar waƙa, sai Abba ya saurara daga farko har ƙarshe, tunda ya fi kowa jin Turanci a gidan, ya yi shekaru a masana'antar kujeru tare da baƙi. Ranar Asabar da hantsi Barkono ke kai masa shago. In ya ɗaga babban yatsa, waƙa ta wuce, ya rubuta sunanta da fensir a jikin wani fallen katako da ya kafa a bango. In ya girgiza kai, a goge ta. Nas kuwa, da aikin safe da na rana da na kwana, ta ji daɗi an sauke mata kaya ɗaya, ba ta ƙara waiwayar allon ba.

"Abbanki ya ji wannan?" in ji Nas. "Wannan ɗin?"

"Daga farko har ƙarshe."

"Wuce mu je."

Shagon yana bayan gida, taku ashirin daga ƙofar kicin. Tun daga nan ake jin injin yanka katako yana kuka. Nas a gaba, Barkono a baya tana jan ƙafa, Goggo a ƙarshe da takalmi ɗaya nata ɗaya na wani, don ba za a yi babu ita ba.

Kafinta ya ba ƙofa baya, fensir a bayan kunne, garin katako har a girarsa. Nas ta yi kira biyu, sannan ta miƙa hannu ta kashe injin daga bango.

Ya juyo a fusace. Da ya ga ita ce, ya sassauta.

"Haba, Maman yara. A kashe wa mutum inji yana tsakiyar yanka? Ƙofar mutane ce fa, jibi za su zo ɗauka."

Ta wuce wurin allon, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa. Rubutun Kafinta ne, a tsare, kowane layi da lambarsa da kwanan wata, kamar yadda yake rubuta awon kabad.

Ta juyo ta fuskance shi.

"Waƙa sittin da uku ka ɗaga wa yatsa. Nawa ka hana?"

"Me ya faru ne?"

"Auta ta rera ta hamsin da takwas a gaban aji. An kira ni daga kan mara lafiya don in zo in ji abin kunya. Nawa ka hana?"

Ya sosa ƙeya. "Yarinyar ta iya zaɓe."

"Ko ɗaya?"

"To in abu ba shi da laifi, sai in ƙirƙiro masa?"

"Na ce ba ita ba kiɗan nan sai ta cika sha takwas."

"Sha takwas? Haba! Yaro ba da shekara ake auna shi ba, Maman yara. Ga katako nan. Wani wata shida ya bushe, wani shekara biyu yana nan ɗanye. Dubawa ake yi."

"Kada ka kawo mini katako. Mutum na haifa, ba kujera ba."

"Ni dai na san ƴata. Tana da hankali."

Barkono ta tsura wa ƙasa ido.

"Madalla," in ji Nas. "Ga yadda za a yi, kuma Goggo ce shaida. Zan sa waƙar yanzu. In ka gama ka kalli idona ka ce ta dace da ƴar shekara sha uku, zan mayar mata da wayarta, ba zan ƙara magana ba. In ka ce a'a, sha takwas."

"Na shaida," in ji Goggo. Ta share garin katako daga kan wani benci ta zauna.

Kafinta ya ɗauko ƴar sifikarsu daga kan kantar kayan aiki, ya ƙure mata ƙara, ya ajiye ta a tsakiyar teburin aiki. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa a gefenta.

"Hannun kuma na mene ne?"

"Haka Abba yake ji," Barkono ta yi saurin cewa. "Ya saba."

Nas ta danna.

Ganga ta fara, dum, dum, dum, har ƙusoshin da ke cikin gwangwani suka ɗauki rawa. Jita ta shigo da kururuwa. Sannan mawaƙin ya buɗe maƙogwaro.

Ba zan rubuta muku abin da ya ce ba, ina da jikoki a cikinku. Ku dai sani, a layi huɗu na farko ya zagi uwar wani, ya tuɓe wata mace da bakinsa, ya kuma lissafa abin da ya sha kafin ya zo.

Goggo ta toshe kunne ɗaya, ta bar ɗaya.

Kafinta kuwa? Gyaɗa kai yake yi. Ido a lumshe, ƙafa tana bin ganga. Daidai inda mawaƙin ya kai layin da Auta ta rera, sai mutumin nan ya yi murmushi.

Murmushi, jama'a!

Nas ta kashe.

Ya buɗe ido. "Har ta ƙare?"

"Me ya ce?"

"Wa?"

"Mawaƙin. Maimaita mini."

"Ai... irin maganar matasa ce. Ɓacin rai, soyayya, duniya ta yi musu zafi. Kin san su."

"Layi ɗaya nake so. Kai ne mai Turanci."

Ya kalli Barkono. Kallon bai wuce ƙiftawar ido ba, amma Nas ta gani.

"Sifikar ce, Mama," in ji Barkono. "Ta tsufa, ba ta fitar da magana sosai."

"Wace sifika?" in ji Goggo. "Ni da Turancina bai wuce na gaisuwa ba, na ji zagin nan ya fito tar."

"To shi ke nan, na yarda! Sha takwas. Ki riƙe wayar, Mama, ki goge su duka. Mu koma ciki, Abba yana da aiki."



Ku da kuka biyo labarin nan tun shafin farko, ku gaya mini, yaushe Barkono ta taɓa sakin gardama? Yarinyar da ta yi kwana uku tana jayayya a kan launin labule?

Nas ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kalli mijinta, amma yanzu da idon aiki take kallonsa, irin kallon da take yi wa wanda ya shigo asibiti yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Talabijin da kullum take faɗan ya rage masa ƙara. Wayar da ya daina ɗauka, sai ya ce a turo saƙo, hannunsa da gam. Sau nawa ta yi masa magana daga kicin ya yi banza da ita, ta wuni tana fushi, tana cewa ya raina ta?

"Abban yara," ta ce, ta nuna kantar da ke bayansa. "Miƙo mini tsumman can, rigata ta kwashi ƙura."

Ya juya.

Ta bari sai da ya ba ta baya sosai. Sannan da muryar hira, ba raɗa ba, ba ihu ba, ta ce:

"Abban yara."

Yana lalube a kan kanta.

"Injinka ya kama da wuta."

Ya ɗaga wani gwangwani, ya leƙa ƙarƙashinsa.

Sai ta kira shi da wani suna da ita kaɗai ke kiransa da shi, wanda ko yaran ba su taɓa ji ba. Taku uku ne tsakaninsu.

Bai juyo ba.

Goggo ta sauke hannunta daga kunne a hankali. Barkono ta jingina da bango, hawaye sun fara zuba.

Ya juyo da tsumma a hannu yana kaɗe shi. "Ga shi, amma shi ma fa ba wata tsabta... Me? Me kuke kallona haka?"

Nas ta matso har gabansa, ta yi magana dalla-dalla.

"Tun yaushe kunnen ya tafi?"

Ya dubi matarsa, ya dubi yayarsa, ya dubi ƴarsa. Ya ajiye tsumman, ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Na hagu ya kai shekara uku. Na dama da saura. Ina jin ƙara, amma magana sai ta zo mini a cakuɗe, kamar ana yin ta a cikin ruwa. In ina ganin bakin mutum, ina haɗawa."

"Shekara uku."

"Kusan."

"Shekara uku! Ni nas ce fa! Mutanen da ban san su ba suna bin layi in duba su, kai da muke kwana ɗaki ɗaya..." Idonta ya sauka a kan wata ƙusa a bango. Abin toshe kunne ne a rataye, har guda uku, kowanne a cikin ledarsa, ƙura ta rufe su. Ta fizgo su ta kaɗa masa a fuska. "Waɗannan fa? Ni na sayo su! Ado na sayo wa bangonka?"

"Suna sa ni zufa."

"Zufa! Goggo, kin ji ƙaninki? Zufa!"

"Tun yana yaro haka yake," in ji Goggo. "Ya taɓa karyewa a hannu, ya kwana biyu bai faɗa wa kowa ba."

"Kin ga abin da ya sa na yi shiru," in ji shi. "Na san za ki ce ai kin faɗa. Kuma za ki raba ni da injin. In na bar injin nan, me zan zama?"

"To da ka san ba ka ji, don me ka karɓi aikin saurare?"

"Ke kika ba ni. In na ƙi, sai ki tambayi dalili."

Nas ta dafe kai da hannu biyu. Shekara guda tana barci da daɗi, wai ta sa mai gadi a ƙofa.

"Kuma ba wai ba na jin komai ba ne," ya ce, yana shafa teburin. "Rediyo ya mutu a wurina. Waƙoƙin da muke ji da, ni da ke, duk sun zama iska. Wannan kiɗan ne kaɗai ke isowa gare ni. Ta katako yake shigowa, ya bi hannu, ya zo nan." Ya dafa ƙirji. "Duk mako Asabar nake jira."

Nas ta juya ga Barkono. "Ke kuma yaushe kika sani?"

"Tun waƙa ta uku." Ta share hanci da bayan hannu. "Babu magana a cikinta ko kaɗan, kiɗa ne zalla. Da ta ƙare Abba ya ce mawaƙin yana da ladabi."

Dariya ta kuɓuce wa Goggo, ta yi maza ta mayar da ita tari.

"Ta kama ni," in ji Kafinta, don ya ga bakin ƴarsa ya san abin da ta faɗa. "Na roƙe ta kada ta gaya miki. Amma kada ki ɗauka sakaci muka yi, Maman yara, mun yi tsari. Na ce mata, daga yau ke ce kunnena. Ki zauna kusa da ni. In kin ji mawaƙi ya faɗi abin da ba za ki iya maimaitawa a gabana ba, ki taɓa kafaɗata, ni kuma in girgiza kai. Ta ce to."

Ya kalli ƴarsa. Duk da halin da ake ciki, fuskarsa ta washe.

"Shekara guda cur, ba ta taɓa ni ba ko sau ɗaya. Ba ta kuma tona ni ba. Shi ya sa nake gaya miki ba shekara ba ce. Yarinyar da za ta riƙe amana irin wannan, ai ta girma. Ita ma ta hamsin da takwas ɗin, na tabbata malamar ce ta cika tsanani. Wataƙila kalma ɗaya ce ta ɗan yi kauri."

Barkono ta kawar da kai.

Ƴaƴana, da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Nas ta ɗaga wayar, ta danna sunan waƙar, ta nemo kalmominta a rubuce. Barkono ta gane abin da za a yi. Ta yi tsalle ta riƙe mata hannu.

"Mama, don Allah. Don Allah kada ki nuna masa. Ki riƙe har ashirin. Har ashirin da biyar ma. Ki kyautar da wayar."

"Sake ni."

"Mama..."

"Na ce shi zai yanke, kuma Goggo ta shaida. Ba zai yanke a kan abin da bai sani ba. An gama wannan a gidan nan."

Ta miƙa masa. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya sa.

Ya fara karantawa, leɓɓansa suna motsi.

A layin farko girarsa ta haɗu. A na uku leɓɓan suka tsaya. Ya ja rubutun sama da kaushin yatsansa, ya karanta, ya ƙara ja. Sai da ya kai ƙarshe, bai tsallake komai ba.

Ya ɗaga kai ya kalli allon. Ya daɗe yana kallo.

"Ranar da kika kawo wannan," ya ce, murya a ƙasa, "kina zaune nan kusa da ni. Ina gyaɗa kai."

"Abba..."

"Ina gyaɗa wa wannan kai a gaban ƴata."

"Abba, na ga kana jin daɗinta ne. Ka ce gangarta ta fi ta kowacce, har ka sa na maimaita sau uku. Da na taɓa ka, sai a goge ta, kai ma ka rasa."

"Don ni kika yi shiru, ko don ke?"

Bakin Barkono, bakin da bai taɓa rasa amsa ba, ya buɗe ya rufe.

Nas ta taɓa hannunsa don ya kalle ta. "Akwai ƴar alama da ake sa wa irin waɗannan waƙoƙin a gefen suna. Ita ke riƙe wayar, shi ya sa ba ka taɓa gani ba. In kana so in ƙirga maka su yanzu."

"A'a. Daga bakinta nake so." Ya nuna allon. "A cikin sittin da ukun nan, guda nawa ne irin wannan?"

Barkono ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Arba'in da ɗaya."

Goggo ta sa hannu ta rufe baki. Nas ta rufe ido.

Kafinta ya dubi yayarsa, ya dubi matarsa. Ya ga sun ji. Shi kaɗai ne bai ji ba.

Ya ajiye wayar a kan tebur.

"Ɗago kanki, Barkono. In kin sunkuya ba na ganin abin da kike faɗa."